Gudun safe ya kai ni gidan mai ɗori

Jama'a, gasar gudun daji ta ranar Asabar ta wuce ni!

Da safe ina atisaye a burtalin bayan garin Babban Mutum, sai wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta hango ni. Ta ce, "Ɗan nan, me ya koro ka?" Haki ya hana ni amsawa. Ta yar da itacen ta kurma ihu, "Ɓarayin daji!"

Manoma kaf suka watsar da fartanya suka biyo ni a guje, har da awaki! Ni ma na tsorata, na ƙara wuta, na afka rami. Ƙafa ta ce ƙas!

Na tambayi mai ɗori ko zan warke kafin gasar. Ya ce, "Yaro, ko masallaci sai an goya ka."

Tun bazara nake shiri. Wallahi kuka nake yi.