Sandar Fatsar da Tomezo Ya Yi wa Akwatin Gawarsa

Mijin yayata, Tomezo Kamada, direban bas ne har ya tsufa, a hanyar da ke tashi daga tashar jirgin ƙasa ta haura duwatsu ta ƙare a ƙauyenmu, can cikin lardin Akita. Gajere ne mai faɗin ƙirji da ƙatuwar murya, irin mutumin da in ya yi maka raɗa sai maƙwabta su ba shi amsa. Ni Masaji, aski nake yi, kuma shagona na kallon ƙofar gidansu. Kusan duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Tun yana saurayi fatsa ta shiga ransa. Ba irin ta zama a bakin ruwa da tana a gwangwani ba, wannan a wurinsa aikin masu jinya ne. Shi tasa ita ce ya shiga ƙorama, ruwa har gwiwa, yana haurawa yana jifa da ɗan kifin ƙarya na katako, wanda bai kai ƙaramin yatsa ba, bai fi ɓawon gyaɗa nauyi ba, don ya yaudari yamame, kifin nan mai ɗigo-ɗigo a gefe. Ƙoramunmu matsattsu ne, rassa sun yi musu rumfa. In ka ɗaga doguwar sanda, itace za ka kama. Tomezo ya yi shekara da shekaru yana kama itatuwa, har ranar da ƙofar bas ɗinsa ta datse masa kan sanda. Shi da hannunsa ya danna maɓallin, amma ya zagi ƙofar, ya zagi wanda ya ƙera ta, sannan ya ɗaura zoben da zare ke bi a inda ta karye ya tafi ruwa da guntun. Da yamma ya shigo shagona jiƙe sharkaf, ya ce ya gano abin da duniya ba ta sani ba.

Daga nan ya koma haɗa gajerun sanduna a rumfar bayan gida. Gaskiya ɗaya ce, ya iya. Yakan ce sandar ƙaramin kifin ƙarya kada ta wuce kafaɗar mai ita, kuma dole kanta ya yi laushi, don abu marar nauyi ba ya iya lanƙwasa sanda mai taurin kai, in kuwa ba ta lanƙwasa ba, ba ta jifa. Yakan jera ƙananan zobba a bayanta, ya naɗe su da zaren siliki, ya sassaƙa gajeren mariƙi mai ɗan ƙaho inda yatsa ke maƙalewa. Har daga birnin Sendai mutane ke zuwa nema.

Abin da bai iya ba shi ne jifa da su. Irin wannan sanda, kwarkwaron zaren a samanta yake zama, in ka yi jifa sai ya yi ta juyawa da kansa, kuma babban yatsanka ne burkinsa. Kafin kifin ƙaryar ya taɓa ruwa za ka danne. In ka makara, zaren ya cukurkuɗe ya zama sheƙar tsuntsu. To Tomezo, duk wanda ya taɓa shiga bas ɗinsa ya san yadda yake da burki. Rabin ranarsa a ruwa a kan dutse yake yin ta, tabarau a kan hanci, yana warware zare yana zagin iska.

"Yaya, yau me aka samo?" nakan tambaye shi in ya dawo.

"Na sake su. Ƙanana ne."

"Har da wanda ke maƙale a hularka?"

"Aske kanka, Masaji. Af, na manta, babu abin askewa."

Yayata Sadae ba ta taɓa sa baki ba. Ta yi rayuwarta a kamfanin ɗinki, kanta a sunkuye kan keke, ta saba da ƙara. In zai fita takan dafa shinkafa ta sayo tofu, awarar waken suya, don ta san ba kifi za a ci ba.

Abin ya canza ne da rasuwar Heisaku, abokin fatsarsa tun ƙuruciya. Iyalan Heisaku suka sa masa sandar da ya fi so a akwatin gawa, ɗaya daga cikin na Tomezo. Da aka kai shi gidan ƙona gawa, ma'aikaciyar wurin, wata doguwar mata mai farin safar hannu da ake kira Hatakeyama-san, ta leƙa akwatin, ta rusuna, ta zare sandar ta miƙa wa matar mamacin.

"Ku yi haƙuri, wannan ba ta shiga. Ba ta cin wuta, kuma tana ɓata tanda."

Tomezo ya taso daga layin baya. "Baiwar Allah, kin san wanda ya haɗa sandar nan?"

"A'a, Baba."

"Ni ne!"

"Sannu da ƙoƙari. Ba ta shiga."

"To da me zai yi fatsa a can? Da yatsa?"

"Baba, abin da ke ƙonewa ƙurmus shi ke tafiya. Katako, gora, takarda, zane. Ban da ƙarfe, ban da gilashi, ban da wannan baƙin abin da kuke yin sanduna da shi."

Ni da wani muka janye shi waje. Muka sa shi a mota. Sai da muka kusa gida ya ce, "Ni ba za a tura ni hannu rabbana ba." A lokacin likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa na tuntuɓe, ya hana shi gishiri da taba, shi kuma ya bar zuwa wurin likitan.

Da hunturu ya shiga, ya tafi kudu ya saro gora, ya rataye ta bisa murhu ta bushe. Ya tsaga ta, ya fere gida shida sirara, ya manne su suka zama sanda guda. Bai taɓa aikin gora ba, ya ɓata da yawa, Sadae ta yi ta hura wuta da su. Zobban ne suka fi ba shi wahala, tun da ba a yarda da ƙarfe ba. A ƙarshe ya yanka ƙananan rassan gora masu rami a ciki, ya goge su har suka yi santsi. Kwarkwaro kuwa ya sassaƙa na katako, kyakkyawa, da hannun juyawa da komai, sai dai ba ya juyawa.

Sadae ta ɗauka ta duba. "Wannan ne zai fi dacewa da kai, Baban yara. Ko ka yi shekara dubu ba zai cukurkuɗe ba."

Sai ya zo shafa wa sandar ƙaron itacen urushi, wanda fata ba ta so, don ta yi ƙyalli. An gaya masa ya sa safar hannu, ya ce fatar direba ba ta jin komai. Kwana kaɗan fuskarsa ta kumbura kamar kabewa, idanu suka shige, jiki duk ƙuraje. Labari ya zaga ƙauye cewa mutumin da ke haɗa sandar mutuwarsa ya gama, ga shi mutuwar ta iso. Mata suka fara kawo abinci. Malam Ryokai na haikalinmu ya zo da carbinsa, ya durƙusa kusa da shimfiɗa, ya fara magana a hankali kan yadda duniya ba wurin zama ba ce.

"Malam," in ji Tomezo ta cikin kumburarrun leɓɓa, "in taimako ka zo yi, sosa min tsakiyar baya. Can ƙasa. Yauwa."

Malam ya sosa, ya sha shayi, ya tafi.

Ya warke daidai lokacin da ƙanƙara ta narke aka buɗe kamun kifi. Sandar na rataye a ɗaki cikin jakar zane da Sadae ta ɗinka, ya rantse ba za ta taɓa ruwan duniya ba. Amma abin ya dame shi. Maƙeri bai san aikinsa ba sai ya ga yadda yake lanƙwasa, kuma mai jifa ba ya ganin sandar da ke hannunsa. Ya nemi in riƙe masa, na ce ina da mutum a kujera da kumfa a fuska. Sai ya ja Sadae zuwa ƙoramar bayan shagona, ya ɗaura wa sandar kwarkwaro na gaske, ya sa mata a hannu. Ni da mai kumfar muka leƙa ta taga.

"Ba kamun kifi za ki yi ba, ji nan. Wurgawa kawai, ni in duba. Yatsanki a nan. In kin ga ya kusa ruwa ki danne. Za ki cukurkuɗe shi, kowa ma haka yake farawa, kada ki ji kunya."

Ta wurga. Ɗan kifin ya bi ta ƙarƙashin rassa ya sauka a gindin wani dutse ba ko fantsama. Zaren lafiya lau.

"Sa'a ce. Sake."

Ta sake. Ta kuma sakewa. Matar da ta tsufa tana tsayar da keken ɗinki a kan ɗinki ɗaya, me kwarkwaro zai gaya mata? Can sai kan sandar ya sunkuya, ta ce, "Baban yara, wani abu na ja." Ta jawo yamame mai tsawon tafin hannu da rabi.

Tomezo ya dubi kifin, ya dubi matarsa. "Kin ga sanda ko?" ya ce. "Kin ga aiki?" Ranar bai ci abincin dare da mu ba, wai cikinsa na ciwo.

Na ɗauka shi ke nan, za a mayar da sanda jaka. Washegari da sassafe sai ga su sun fito, Sadae cikin dogayen takalman roba na mijinta, sanda a hannunta, shi a baya da jakar abinci da ragar kwasar kifi. Haka suka yi shekaru. Ita a gaba tana jifa, shi a baya yana ihu: "Hagu! Na ce hagu! Kin yi sauri! Wa ya koya miki haka?" Kifin da bai gudu don muryarsa ba, ita ta kama shi. A shagona kuwa yakan ce, "Yau mun kama da yawa," ya jaddada "mun". Zobban gorar suka cinye, ya sauya mata na ƙarfe, ya ce in lokaci ya yi a cire. Ban taɓa ganin su suna hira irin ta waɗannan shekarun ba. Da, in ka shiga gidan, muryarsa kaɗai za ka ji. Yanzu har gardama take yi masa, tana dariya.

Ya rasu wata rana da hantsi, ƙarshen hunturu, yana zaune yana musu da mai hasashen yanayi a talabijin. Sadae ta ce ya ce wa mutumin "Ƙarya kake," ya jingina, shi ke nan.

Da safen jana'iza ta kira ni bayan gida. Ta cire zobban ƙarfen kamar yadda ya ce, sandar na kan gwiwarta tsirara. Ta daɗe tana shafa mariƙin, inda hannunta ya riga ya ci.

"Masaji, jeka lambu ka tugo min gora ɗaya daga cikin na waken nan."

"Yaya, me za ki yi?"

"Ka zaɓo miƙaƙƙiya."

"Haba, Yaya! Mutumin nan har fuskarsa ta kumbura a kan sandar nan. Wasiyyarsa ce fa."

"Ya ce kada ya tafi hannu rabbana, ba zai tafi ba. In na ba shi wannan, kafin ya ƙetare kogin can na lahira ya rataye ta a itace. Ni kuma in zauna da me? Da kai?"

Na tugo gorar. Ta zura ta cikin jakar zanen ta ɗaure, ta haɗa da kwarkwaron katako, ta ajiye a gefen damansa. Mutane suka yi ta kuka da suka ga jakar. Malam Ryokai har ya ambace ta a cikin addu'a, ya ce ga mutumin da ya yi wa tafiyarsa shiri. Ni dai kaina na ƙasa, aka ɗauka baƙin ciki ne.

A gidan ƙona gawa, Hatakeyama-san na nan, gashinta ya fara fari. Ta gane shi, don ta ɗan tsaya da ta ga fuskar. Ta ɗauki jakar ta kwance bakin, ta zaro abin da ke ciki kaɗan. Ga ƙasar lambu a gindi, ga busasshen yaɗon wake a naɗe. Ta ɗago ta dubi Sadae. Sadae ta dube ta ido cikin ido.

Matar ta mayar, ta ɗaure, ta ajiye masa a hankali, ta rusuna.

"Gora ce," ta ce. "Tana shiga."

Yayata ba ta yi hawaye ba ranar, ba ta yi ba a kwanakin zaman makoki. Da aka buɗe kamun kifi ta mayar da zobban da kanta, ɗaurin ya ma fi nasa kyau, ta ce in raka ta in riƙe raga. Muka shiga ƙorama. Ta yi jifan farko, ya sauka daidai, sai na ga ta tsaya ba ta juya kwarkwaro ba, ta ɗan karkata kai baya tana jira. Ruwa kawai ke gudu. Ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da hannun riga, ta yi kuka mai isarta, ni kuma na tsaya da raga kamar gunki, ban san inda zan sa idona ba.

Da ta gama ta share fuska ta ce, "Kai ko ihu ba ka iya ba. Wuce mu je."

Ta kama biyu ranar. A gida ta barbaɗa musu gishiri ta gasa, ta sa babban a faranti ta kai gaban hotonsa, ta kunna turare, ta tafa hannu a hankali. Ba ta fi numfashi uku ba ta ɗauke farantin.

"Ya gani ai," ta ce. "Zo mu ci tun da zafi."