Hannun Dama da Akushin Kawu

Ina da shekara ashirin da uku, ina malamin lakwal, wato makarantar boko, alli ya faɗi daga hannuna a gaban allo, ni ma na bi shi ƙasa. Aka kai ni Damagaram, daga can jirgi ya ɗauke ni zuwa Dakar, inda likita ya buɗe min kai ya kwashe jinin da ya taru. Na tambaye shi ko ya ga ilimina a ciki. Ya ce bai lura ba.

Na dawo Diffa, wadda a lokacin ƙauye ce a bakin kogin Komadugu, da tabo a kai da hannun dama a naɗe kamar tsumma. Ƙafa ta yarda tana ja, baki ya dawo da surutunsa. Hannun ne ya ƙi. A gidan Kawu kuwa maza akushi ɗaya suke ci a gindin tsamiya, kuma hagu ba ta shiga akushi. Na yi wa Kawu dogon bayani cewa lalura tana da hukuncinta. Ya saurara har ƙarshe, ya ce haka ne, ya sa aka kai min burabuskona ɗaki. Can nake ci ni kaɗai da cokalin da na zo da shi daga Dakar, ina jin dariyarsu ta katanga. Ba yunwa ke damuna ba.

Likita ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Akuya ta cinye shi a sati na biyu.

Kaka ce ta karɓi jinyar. Ta zaunar da ni cikin tsofaffin mata masu cire wa busasshen tattasai hanci, ta ɗaure min hagu a baya da ɗankwalinta. Na nuna mata cewa ni mai takardar shaida ne. Ta ce, "Maigidana, takardar ta cire maka ɗaya mu gani."

Ranar farko na cire huɗu, uku da taimakon haƙori. Tsofaffin suka ce sun taɓa ganin kaza mai sauri fiye da haka. Na yi atishawa wata biyar, na san sirrin kowane gida daga nan har Gagamari, yatsuna kuma suka fara haɗuwa da babban yatsa.

Wata azahar Kawu ya leƙo, ya dubi tsibin da ke gabana, ya ce in taso, abinci na hucewa.

Na wanke hannu, na zauna tsakanin maza. Loma ta farko ta watse a hanya. Kowa ya shiga duban tsamiya kamar yau aka dasa ta. Ta biyu ta isa baki. Zufa ta karyo min, hannun kuwa, ba tare da na aike shi ba, ya tashi ya murza min ido. Ruwa ba ya wanke tattasan wata biyar.

Hawaye ya ɓalle. Kawu ya ajiye lomarsa, ya dafa kafaɗata, ya ce in yi kukana, godiya ce ga Allah. Sauran suka ce amin, wani dattijo har ya share nasa idon.

Ban gyara musu ba. Na sake miƙa hannu cikin akushin, ido ɗaya a rufe, na jawo kan kifi zuwa gabana.