Sai An Gama Kakar Wasa

Sau goma sha biyu na kwashe kayan Royce Tackett daga wani gari zuwa wani. Don haka idan ana maganar yadda mutum ke zama babban kocin ƙwallo a kwaleji, ni ba a jarida na karanta ba, a gadon bayana na ji shi. Sunana Harlan, ƙanin matarsa Nadine. Motar dakon shanu gare ni, kuma duk mai babbar mota a dangi ba ya rasa 'yan'uwa ranar tashi daga gida.

Royce ɗan wani ƙauye ne a gabashin Oklahoma. Ya buga wa kwalejinsa wasa har gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji, sai ya koma gefen fili. Daga can ƙasa ya fara, yana dafa wa manyan kociyoyi kofi, yana yanka musu faifan wasa da almakashi. Ba mugun mutum ba ne, wannan zan faɗa tun yanzu don kada a ɗora masa abin da ba nasa ba. Bai sha giya ba, bai taɓa ɗaga wa Yaya Nadine murya ba. Laifinsa ɗaya, daga Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba jikinsa kawai ke shigowa gida.

A ƙarshen Fabrairun 1974 aka ɗaura aurensu, ana sanyi kamar zai tsinke kunne, saboda shi ne kawai watan da ba wasa, ba atisaye, ba yawon neman sababbin 'yan wasa. Tun a wurin biki matan kociyoyi suka ja amarya gefe suka karanta mata dokar gidan koci: muddin ana cikin kakar wasa, ba a kai wa maigida mummunan labari. Firiji ya mutu, sai an gama kaka. Rufi na yoyo, sai an gama kaka. 'Yarsu Jolene ta zo duniya ranar Asabar cikin Oktoba, ba a gaya wa uban ba sai da aka busa tashi. Da ta karye a hannu tana shekara bakwai, Yaya ta kai ta asibiti ita kaɗai, kuma Royce ya yi kwana huɗu yana cin abinci da yarinyar a teburi ɗaya bai lura da ɗaurin ba.

Na sha tsokanarsa a kan haka.

"Mijin Yaya, ranar da gidanka ya kama wuta a watan Oktoba, in kira 'yan kwana-kwana ko in jira Disamba?"

"Ya danganta, da wa za mu kara a makon?" in ji shi, yana dariya.

Wannan aiki dai ba ka da ikon kanka a cikinsa. Idan aka kori babban koci, duk mataimakansa sun koru, ko da naka ɓangaren ya fi na kowa kyau. Haka muka yi ta yi. Arkansas, Missouri, Louisiana, Texas har sau biyu, New Mexico inda ba su ko shekara ba. Ya yi shekara tara yana horar da ƙattin layin gaba, sannan aka ba shi duk tsaron baya, sannan aka ƙwace, sannan wani tsohon ubangidansa ya tuna da shi ya sake ba shi. Jolene ta yi makarantu takwas kafin ta gama sakandare. Yaya kuwa ta ƙware a ɗaurin kaya har tana iya tattara gida sukutum cikin yini biyu, ba ta fasa ko kofi ba.

Akwai kwali guda da ba a taɓa buɗewa ba. Farantan tangaran ne na mahaifiyarmu, masu zanen shuɗin fure a baki. Yaya ta ce ba za ta fito da su ba sai a gidan da ta san nan za ta tsufa. Kowane tashi, kwalin nan a kujerar gaba yake zama kusa da ni, da ɗamara kamar fasinja. Shi kuma Royce kullum alkawarinsa ɗaya: "Bari in zama babba, Nadine, daga nan mun zauna ke nan."

A 1998 ya zama babban, a wata ƙaramar kwaleji da ke yammacin Kansas, garin da ba zan kama sunansa ba don har yau ina jin haushinsu. Tashi na goma sha ɗaya ke nan. Suka sayi gida mai baranda. Ina tsaye Yaya ta sa wuƙa ta yanke igiyar kwalin, ta jera farantan a kabad ɗaya bayan ɗaya. Ranar a cikinsu muka ci wake da burodin masara, ita kuma ta kasa cin komai sai kallonmu take yi.

Shekara biyun farko an yi ta cin wasa, ko aski Royce ya je sai an tashi an ba shi kujera. Ta uku aka sha kashi. Ta huɗu, shugaban kwalejin ya kira shi ya ce masa a fili: ya ci wasa shida cikin goma sha ɗaya, ko kuwa ya nemi wani wuri. Mutanen gari kuma suka fara halinsu. Duk Asabar ɗin da aka yi rashin nasara, wayewar garin Lahadi sai a tarar an kafa alluna a ciyawar ƙofar gidan koci, irin waɗanda dillalai ke kafawa, an rubuta gidan nan na sayarwa ne. Mutanen da za su zauna kusa da kai a coci bayan awa uku, su ne masu wannan aikin.

Wata Lahadi cikin Satumba na biyo da lodin maruƙa, na ce bari in tsaya in sha kofi. Na tarar da Yaya da rigar barci tana kokawar tumɓuke allo. Na karɓa na cire mata, ta nuna mini bayan gareji inda take ɓoye su kafin Royce ya fito. A nan ta gaya mini. Ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta, ta je wajen likita ba da sanin kowa ba. Likita ya ce ciwon daji ne, yana son ta tafi birnin Wichita a yi mata aiki cikin makon nan.

"To, yaushe za mu tafi? Ni zan kai ki."

"Disamba."

"Yaya, kina cikin hankalinki kuwa? Wannan ai ba firiji ba ne!"

"Rage murya, sarkin baki, za ka tashe shi." Ta riƙe mini hannun riga. "Ka san halinsa. Yana ji zai jefar da usur ya bi ni asibiti. Yaran nan su sha kashi, a kore shi, in sake naɗe farantan Mama a jarida. Shekara ashirin da huɗu ina jiran gidan nan, Harlan. Mako goma ne kawai."

"Idan ciwon bai san da zaman kaka ba fa?"

"Kai dai rantse mini ba za ka faɗa ba."

Ni da na ƙarar da rayuwata ina yi wa dokar nan ba'a, na rantse. Yayata ce, ita ta goye ni, ban taɓa iya yi mata musu ba. Na shiga na sha kofi da Royce, yana ta zana mini a kan takardar goge baki yadda zai toshe 'yan wasan mako mai zuwa, ina ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Duk ranar Asabar bayan haka nakan ajiye mota a gefen titi in saurari rediyo, ina roƙon Allah su ci, kamar cin wasan ne zai warkar da ita.

Biyar suka ci. A wasan ƙarshe bugun da zai ba su na shida ya daki ƙarfen raga ya dawo. Ranar Litinin aka sallame shi, ranar Talata Yaya ta ce masa ya kai ta asibiti, ba ta jin daɗin jikinta. Likitan Wichita ya ce abin ya riga ya kai hanta. Ya fara cewa da an zo da wuri, sai ya ga idon Yaya, ya haɗiye sauran. Royce bai rabu da bakin gadonta ba tsawon wata bakwai. Ya koyi dafa miya, ya koyi yi mata wanka. A watan Yuli ta rasu, a gidanta, farantan suna kabad. Muka binne ta kusa da iyayenmu a Oklahoma.

Mutum mai shekara hamsin da uku da bai san wata sana'a ba, ina zai nufa? Wani da ya taɓa zama ɗan wasansa ya ba shi aikin horar da layin gaba a Arkansas, daidai matakin da ya baro shekara ashirin baya. Dillali ya zo ya kafa allon gaske a ciyawa. Na kawo mota karo na goma sha biyu.

Shi ya ɗaure farantan da kansa, kuma bai iya ba. Muna tafe suna ƙara a tsakaninmu duk ramin da muka faɗa. Mun yi nisa sosai kafin ya buɗe baki.

"Na ga allunan a bayan gareji. Goma sha tara. Ko ɗaya ban taɓa gani a ƙofar gidana ba." Ya juya yana kallon gonakin alkama da aka girbe. "Harlan, kai ba ta ɓoye maka komai. Yaushe ta sani?"

Ranar Juma'a ce. Litinin zai fara atisaye da yara arba'in da bai san sunan ko ɗaya ba. Na daɗe ina shirya amsar nan, har na haddace ta, da zagin da zan yi masa, da wanda zan yi wa kaina. Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito daban.

"Mijin Yaya, bari sai an gama kaka mu yi maganar."

Ya juyo ya dube ni. Wanda aka shekara ashirin da takwas ana lallaɓa shi da wannan magana ya san ba a ajiye wa Disamba labari mai daɗi. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya ɗora hannu a kan kwalin don farantan su daina ƙara, kuma bai ɗauke ba har muka shiga Arkansas. Disamba ta zo ta wuce, wasu ma sun zo sun wuce. Bai sake tambayata ba.