Bappa Manu da Turmin Cikin Mota

Ku da kuka san Bappa Manu kun san ba ya gaisawa da mai mota sai ya fara gaisawa da motar. Zai lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofar, ya kara kunne, sannan ya ɗago ya ce, "Wannan ƙofar fanko ce, sauti zai yi ta yawo a ciki. Ina kwana, Alhaji?" Har motar angon ƙanwata bai bari ba ranar ɗaurin aure, mu kuwa kamar mu nutse don kunya.

Ni 'yar ƙanensa ce, a gidansa na unguwar Kumbiya-Kumbiya a Gombe na tashi, don haka na san mafarin abin. Bappa malamin lissafi ne a firamare har ya yi ritaya, mutumin da ko ƙwan fitila ya mutu sai ya kira wani. Kunnen matarsa, Inna Dija, shi ya mai da shi mai haɗa waya. Jinta ya yi ta raguwa, likita ya ce ba zai dawo ba, ƙarasa tafiya ma zai yi. Ita kuwa tana da kaset ɗaya tak, wanda mahaifiyarta Dada ta aiko daga Makka tun zamanin da ake aiko da gaisuwa a kaset. Can Dada ta rasu. Inna ta kara rediyo a kunne har ta gaji, ba ta jin komai sai shuu. Ta nannaɗe kaset ɗin a ɗankwali ta ce shi ke nan.

Wata rana wasu samari suka wuce ta layinmu, kiɗa na tashi daga motarsu har tagogi na rawa. Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Wannan kam na ji shi a nan." Bappa ya ajiye kofin shayinsa.

"In dai ƙirji na ji, magana ta ƙare. A mota za ki ji Dada. In an rufe ƙofa, sauti ba shi da hanyar gudu."

Na ce ya kai wa masu rewaya, masu gyaran wutar mota. Ya je, wani saurayi mai askin zakara ya ce ya kawo kaset ɗin a juye a memori a yar da tsohon yayi. Bappa ya dawo yana huci. "Muryar surukata zan miƙa wa mai askin zakara? Da hannuna zan yi!"

Ni na raka shi Kasuwar Gombe, shagon Oga Emeka mai kayan sauti. Muna shiga ya zaro ƙullin gero daga aljihu.

"Baba, wannan na mene ne? Nan ba gidan kaji ba," in ji Emeka.

"Kwantar da sifikar, ka kunna."

Ya barbaɗa gero a kanta. Geron ya ɗan motsa. "Ragguwa," in ji Bappa. Aka ɗauko wata. "Maƙaryaciya." Haka muka wuni, Emeka na gumi, 'yan kallo sun cika ƙofa. Can aka zaro wata baƙa daga ƙarƙashin tebur, ana kunnawa gero ya yi tsalle har cikin aljihun rigar Emeka. Bappa ya ce, "Yawwa, ga mai gaskiya!" Wallahi ku je shagon yau, za ku ga gwangwanin gero a gefen tebur, da shi Emeka ke gwada wa mutane kaya.

Emeka ya ce babbar sifika sai da akwati, a nemi kafinta. Bappa ya ce, "Kafinta? Ina da icen da ya shekara talatin yana shan duka bai taɓa ƙorafi ba." Washegari Inna ta fito da sakwara a ranta, ta duba nan ta duba can.

"Malam, ina turmina?"

Ya matso kusa da kunnenta ya ɗaga murya: "Ya samu ƙarin girma!"

Ashe ya kwantar da shi a but ɗin tsohuwar motarsa, ya kafa sifikar a bakinsa, ya jingina shi da bayan kujera. Ƙananan sifiku biyu kuma ya ɗaura su daidai inda kunnuwan Inna za su tsaya, da igiya ya auna kanta tana masifa.

Sai wayoyi. Duk fankar da ta mutu a unguwa sai da ya yanke mata waya. Ka tambaye shi yaushe zai gama, amsa ɗaya ce: "Saura waya ɗaya." Ran nan ya ƙara murya, hon ya kama ihu har liman ya leƙo. Ran nan hayaƙi. Da kaset ɗin wa'azi yake gwaji, bai taɓa saka na Dada ba, don tsoron kada rediyon ya tauna shi. Kunnen Inna kuwa kullum baya yake yi. Raina ya ɓaci, na ce, "Bappa, kunnen nan fa ba zai jira ka ba!" Ranar ce kaɗai bai ce saura waya ɗaya ba. Ya sunkuya ya ci gaba da ɗaure wayoyinsa.

Wata Juma'a bayan la'asar komai ya tashi, sai matsala guda: ya jona wayar kunna rediyon da ta fitilar birki. In ya taka birki ta yi magana, in ya ɗaga ƙafa ta yi tsit. Na ce a bari a gyara gobe. Ya dubi Inna ya ce, "Ɗauko ɗankwalin."

Ta zauna a baya, ta jingina da turminta. Aka rufe ƙofofi. Bappa ya taka birki da ƙafarsa mai ciwon gwiwa, ya tura kaset. Shuu, sannan muryar tsohuwa ta cika motar, tana gaisuwa da Fulatanci: "Dija am, jam na?"

Inna ta zabura. "Jam, Dada!" ta amsa da ƙarfi, kamar yarinyar da aka kira daga ɗaki. Na rantse ban taɓa ganin abu irin wannan ba, malamin lissafi da turmi da wayar fanka sun dawo wa mace da uwarta.

Kaset ya yi nisa, na ga ƙafar Bappa na karkarwa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Na raɗa masa, "Bari in ɗauko bulo a ɗora a kan birkin."

Ya harare ni. "Surukata na magana, in aje mata bulo? Ke ba ki da kunya?"

Bai taɓa gyara wayar nan ba. Duk Juma'a haka yake takawa har kaset ya ƙare, ko bayan da kunnen Inna ya rufe gaba ɗaya, don ta ce har yanzu tana jin Dada a bayanta. Juma'ar farko bayan rasuwarsa ni na zauna a kujerarsa. Ban kai rabin kaset ba ƙafata ta sage, ni mai lafiyar gwiwa. Na cije na ci gaba da takawa ina kuka.

Allah Ya jiƙan Bappa Manu, Ya hutar da gwiwar nan tasa. Yadda ya sa Inna ta ji kiran uwarta, Allah Ya sa ya ji kiran rahama, raɗau, ba tare da ya taka komai ba. Amin.