Shaidar da Na Bayar a Kan Angelina Mai Inji

Angelina ta rasu ranar Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke bayan injin markaɗe a unguwarmu a Roni. Mu biyu ne a kanta, ni da maƙwabciyarmu Saude. Kafin azahar labari ya zaga unguwa cewa ta yi kalmar shahada kafin ta cika. Ba ta yi ba. Ina wurin.

Shekara talatin da bakwai ta yi a cikinmu. Daga kudancin Kaduna ta zo tare da mijinta Sammy, wanda aka turo koyarwa a firamare. Da ya rasu kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gida. Sai ta sayi inji ta zauna. Mace ce mai faɗa. Ki kawo wake da tsakuwa a ciki, a gaban jama'a za ta tambaye ki ko haƙoran mijinki na ƙarfe ne.

Ranar Lahadi ba ta ta da inji sai ta dawo daga coci a Kazaure, a bayan ɗan acaɓa. Wata shekara jajiberin salla ya faɗo Lahadi. Mata suka yi layi da robobin tattasai, suka turo ni in roƙe ta, tunda ni ce ƙawarta. Ta ce in ni zan ajiye azumin ranar saboda miyarta, ita ma za ta fasa coci saboda tamu. Ta ɗaura ɗankwali ta tafi. Da ta dawo, ko zama ba ta yi ba, ta yi ta markaɗe har sai da ta sallami ta ƙarshe.

A farkon zamanmu na yi mata tayin Musulunci ya fi a ƙirga, ita ma ta yi min nata. Muka gaji muka bari. Da yanar ido ta hana ta gani, ni nake karanta mata Littafinta Mai Tsarki na Hausa, don a cikin tsofaffin unguwar ni kaɗai na yi sakandare. An yi ta surutu a kan haka. Ni dai na san alwalata ba ta karye ba.

Safiyar da za ta rasu ta ce in buɗe inda ta sa tsinken tsintsiya. Ina karantawa tana bi da leɓe. Ta ambaci Yesu sau biyu, sai ta cika. Saude ce ta rufe mata ido, ta fita tana kuka. Ni na zauna ina jiran ɗanta Peter, wanda ya riga ya taso daga Kaduna.

Ina nan zaune aka ce mai unguwa Daudu da limaminmu Malam Sharfuddeen suna nemana a zaure. Ashe har an kawo likkafani, ana shirin haƙa kabari a maƙabartarmu. Malam ne ya ce a dakata sai ya ji daga bakina.

Saude ta tare ni a lungu, ta riƙe min mayafi. Ita ce ta baza labarin shahadar, kuma ba ta musa cewa ƙarya ta yi ba. Ta tuna min lokacin da 'yarta ta rasu wajen haihuwa, Angelina ta rufe inji mako guda tana zaune da ita.

"Yaya Jannatu, e kawai za ki ce," in ji ta. "So kike a ɗauke ta a kai ta inda ba za mu yi mata salla ba? Wa zai cutu?"

Na ce Angelina ce za ta cutu. Matar da ta ƙi fasa Lahadi ɗaya tana da rai, ba za a sauya mata addini ba don bakinta ya rufe.

A zaure na durƙusa na gaishe su. Mai unguwa ya fara da cewa kowa ya san alherin marigayiya, kuma ba mamaki Allah ya yi mata gamon katar a ƙarshe. Ya kalle ni yadda ake kallon wanda ake so ya gane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Allah gafarta Malam, ba ta yi ba. Kirista ta rayu, Kirista ta mutu, littafinta na hannuna. In kun binne ta a can, to ku sani da ƙarya kuka binne ta."

Malam ya ce a mayar da likkafani, a ba ɗanta gawarta in ya iso, kuma duk wanda ya yarda ta yi masa alheri ya taya ɗauka zuwa mota. Ina fitowa wata daga cikin matan ta ce na rufe wa ƙawata ƙofar aljanna. Na ce mata makullin ba a hannuna yake ba, ba kuma a hannunta ba.

Peter ya iso da la'asar tare da faston cocinsu. Maganar shahadar ta riga ni isa kunnensa tun a tasha. Ya durƙusa a gabana, ya ce, "Mama, da gaske ne?" Na gaya masa abin da ta faɗa da inda muka tsaya a karatu. Sai a lokacin ya yi kuka.

Ranar Asabar aka binne ta a Kazaure, a maƙabartar Kiristoci. Na je, na tsaya da mayafina har aka gama. Wata huɗu ke nan Saude ba ta amsa gaisuwata, ni kuma kullum sai na gaishe ta. Ban ce ba ta ƙaunaci Angelina ba. Amma ko gobe aka sake kirana zaure, abin da na faɗa shi zan maimaita.