Cikin da Aka Hana Mu Faɗa

Shekarar da korona ta shigo Kano, autarmu ce kaɗai ta kamu a gidanmu, ita da ba ta zuwa ko'ina sai makarantar da take koyarwa a Tarauni. Lokacin tana da ƙaramin ciki, na fari, bayan shekarun da ta yi tana jira har dangin miji sun fara yi mata habaici. Da aka sallame ta daga inda ake killace masu cutar, mijinta ya kawo ta gidan Hajiya, mahaifiyarmu, a Gyadi-Gyadi, don ta murmure.

Ni na raka ta awo bayan sallamar. Likitar ta ce gwaji ya nuna cutar ta fita, amma kada mu saki jiki. Ta ce dama ciki kan sassauta garkuwar jikin mace don kada jikin ya yaƙi ɗan da ke kwance a ciki, ga shi korona ta zo ta hargitsa abin da ya rage, kuma su kansu ba su gama sanin yaushe yake komawa daidai ba. "A rage mata jama'a," in ji ta. "Mai tari, mai mura, mai zazzaɓi, kowa ya tsaya daga waje."

A adaidaita sahu na dinga nanata maganar kamar mai hadda. Da na isar wa Hajiya, sai ta dube ni sheƙeƙe.

Ba zan zalunce ta ba. Sa'ad da labarin cutar ya bazu a layinmu, gudun gidan aka yi. Maƙwabciyar da suke aron gishiri da daddawa a tsakaninsu ta daina leƙowa, mai kurar ruwa ma sai ya wuce kamar bai ji kira ba. Hajiya kuwa mace ce da bakin ƙofarta ba ya rabuwa da takalman baƙi. Shi ya sa da mata suka fara zuwa dubiya da ledojin lemo da ayaba, ita gani take an wanke mata suna.

"In ce musu me?" ta tambaye ni. "In mayar da su, su ce har yanzu tana da ita?"

"Ki ce musu juna biyu ne da ita, Hajiya. Likita ta ce..."

"Kul! A gidan wa kika ga ana shelar cikin fari? Abin da muka daɗe muna roƙo, shi za ki miƙa wa bakin duniya?"

Nan muka maƙale. Hujja ɗaya ce da mu ta tsayar da mutane a ƙofa, ita ce kuma ba a faɗa. Autar ma kunyar cikin fari ta ɗaure mata baki, sai dai ta zurma babban hijabi ta zauna tana amsa sannu.

Suka yi ta zuwa, daga Unguwa Uku, daga Ƙauyen Alu, ƙawayen Hajiya na islamiyya, malamai abokan aikin autar na makaranta. Ɗaki ɗaya, fanka tana juya numfashin kowa. Kowace sai ta zauna a bakin gado, ta kama mata hannu, ta yi addu'a ta tofa mata a fuska. Wata gwaggonmu ta zo da jikanta, majina har leɓe, ta ɗora mata shi a cinya wai Allah ya kawo nata. Raina ya ɓaci, na ɗauke yaron, aka ce boko ya yi mini yawa. Na tsaya a ƙofa da buta da sabulu, aka ce na raina manya. Duk da ƙauna suka zo, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Mura ta fara kama autar, ta koma tari, tarin ya jawo zazzaɓi. A yi magani ya lafa, ya sake dawowa. Yarinyar da a da ruwan sama ke dukanta ba ta ko atishawa, sai ga shi komai ya gifta sai ya kayar da ita. Cikin bai cika wata bakwai ba naƙuda ta taso. Namiji ne. Aka sa shi a kwalba, bai kai ranar suna ba.

Na tare likitar na tambaye ta ko masu dubiya ne sila. Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, mai yiwuwa su ne, mai yiwuwa ɓarnar da cutar ta bari ce tun farko. Hajiya ta ce kwanansa ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma har yau zuciyata ba ta huce ba, kuma ban san a kan wa zan sauke fushin ba. Autar ba ta sake samun wani cikin ba.

Bayan an binne shi, wata safiya na shiga ɗakinta na tarar gaban rigarta ya jiƙe sharkaf. Ruwan nono ne ya zo. Ta miƙo mini ɗankwali ba tare da ta ɗago kai ba.

"Yaya, ɗaure mini," ta ce. "Ki ja da ƙarfi. Shi nonon ba wanda ya gaya masa."