Tsarabar da ta hana mu zuwa Kano

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da wannan abu ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a Gusau, da mata ɗaya da 'ya'ya uku, kuma abokan aiki sun san ni da iya tattali. In za a yi biki ko tafiya ni ake nema in tsara, don na san motar da ta fi sauƙi da ranar da kaya ke araha, ni kuma kaina har kumbura yake yi da wannan suna. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a gidanmu na Bungudu. Ba ta da sauran ɗan'uwa na ciki ɗaya sai yayarta da aure ya kai Kano tun kafin a haife ni, Innar Kano muke ce mata. Sun daɗe ba su sa juna a ido ba. Waya kuwa ba ta yi wa Inna komai, da ta gaisa sai ta miƙo min, ta ce ita ba ta iya hira da mutumin da ba ta gani.

Wata Juma'a na je gaishe ta, sai ta ce tana so in kai ta ta ga yayarta, mu tafi da yara su ma su ga birni. Inna ba ta taɓa roƙona ko turmin atamfa ba, saboda haka na ce ta bar komai a hannuna. Cikin mako guda na gama shiri. Wani direba ɗan unguwarmu da ke zuwa Kano ɗauko kaya ya yarda ya kwashe mu da rangwame. Za mu tashi da sassafe mu wuce Tsafe da wuri, masauki gidan Innar Kano ne, guzuri kuma matata ta ce za ta yi dambu da ƙuli-ƙuli don kada mu sayi abinci a hanya. Yara har sun fara gardamar wanda zai fara ganin giwa a gidan zu. Babu abin da ya rage sai tsaraba, a nan ne kuma na tafka kuskuren da har yau yake cina.

A wajenmu ba a shiga gidan dangi hannu rabbana, balle gidan da 'ya'yansa suka zama manyan 'yan kasuwa. Na ƙudurta ba zan sauka a Kano ba sai da buhun gero da na wake da zabi da man shanu, don kada a ce ɗan bokon Bungudu ya zo da ƙullin leda. Inna ta ce daddawa da kuka na hannunta sun isa, yayarta ba hatsi take marmari ba. Na yi murmushi irin na wanda ya fi kowa sani, na ce ta bari kaka ta yi, hatsi zai sauko. Kaka ta yi, na sayo gero a kasuwar Mada, amma wake ya ƙi sauka, na ce a ɗan jira. Sai azumi ya shigo, sai Sallah da kuɗin mota ke tashi, sai damina, muka cinye geron da bakinmu. Haka na yi ta juya shekara har uku. Matata ta riƙa tsokanata wai ko mai shirin aikin Hajji bai kai ni ba. Inna kuwa ba ta sake tayar da maganar ba, sai dai duk shekara in ga ta yi sabuwar daddawa ta ajiye daban.

A shekara ta uku komai ya haɗu, muka loda kaya muka tafi. Muna sauka babban ɗan gidan ya ja ni zaure, ya shaida min kusan shekara guda ke nan mahaifiyarsu ta fara mance mutane, sun ɓoye ne don kada hankalin Inna ya tashi. Na shiga da sauri amma Inna ta riga ni. Na same ta durƙushe gaban yayarta, ita kuma tana yi mata sannu da zuwa irin ta baƙi, tana tambayarta daga ina. Da Inna ta ce daga Bungudu, sai fuskar tsohuwar ta washe, ta ce ai tana da ƙanwa a can, ko ta san ta. Inna ta ce ta san ta.

Kwana huɗu muka yi. An shigar da buhunana sito an yi min godiya, babu wanda ya sake duba su. Yara sun ga giwarsu sun ga gadojin sama. Inna ba ta taka ko ƙofar gida ba, tana nan gefen katifar yayarta tana matsa mata ƙafa, tana sauraron labarin yarintarsu kamar yau ta fara jinsa. Ranar da za mu taso, Innar Kano ta riƙe mata hannu ta ba ta saƙo, ta ce ta gaya wa ƙanwarta ta daure ta zo, ita ƙafa ta ƙi, kuma kewarta ta ishe ta. Inna ta ce in Allah ya yarda za ta gaya mata.

Har muka iso gida Inna ba ta ce na yi laifi ba, har yau kuma ba ta ce ba, wannan ne ya fi min ciwo. Na gane cewa araha nake ta nema a wurin da lokaci ne ke tsada, kuma kunyar dangi ce na sa wa suna tattali. Ya ɗan'uwa mai karatu, in tsohuwarka ta ce ka kai ta wurin wani nata, ka nemi mota a makon nan, ku tafi da abin da ke ɗaki. Ni na kai Inna Kano, amma ban kai ta wurin yayarta ba.